Sunan Yankan Uwani

Ku jikokina na nan Balan kun ishe ni da tambaya guda, wai mene ne sunan yankan uwarku. Duk gari da Uwani aka san ta, ranar ɗaurin aurenta a Toranke ma da Uwani aka ɗaura, liman bai ja zancen ba. To, na tsufa, kakarku da za ta harare ni ta riga mu gidan gaskiya, kunya ta ɗan sassauta mini baki, zan faɗa. Amma sai kun bi ni ta hanyar da na bi kafin in samo shi, don ba a bayan gari na tsince shi ba.

Ni wanzami ne ɗan wanzami, ban san wata sana'a ba sai aska da ƙaho. Wani attajiri mutumin Gadamas da ya zo Kano sayen fatu da baƙaƙen tufafi shi ya ɗauke ni, wai in riƙa yi wa mutanen ayarinsa aski, shi kuma ya ci da ni, in shekara ta kewayo ya dawo da ni. A lokacin ina ji da ƙuruciya, ina ganin duk wanda bai wuce kasuwar Gaya ba bai san duniya ba. Kafin mu kai Agadas na fara sauka daga kan wannan ra'ayi.

A Agadas na san ni baƙo ne. Na yi ta kewaya kasuwa da zabira a kafaɗa, ina kallon mazaje kowa ya naɗe fuska sai ido, na rasa wanda zan ce wa gemunka ya yi yawa. Daga nan sai rairayi. Ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, wanda bai gani ba ba zai gane ba, wanda ya gani kuwa ba ya son a tuna masa. Ruwan salka ga wari, ga shi ba a ba ka sai abin jiƙa maƙoshi. Aski busasshe muke yi, mutum yana cije haƙora yana zagina da harshen da ba na ji, ni kuma ina ce masa sannu. Abin da ya fi damuna ba ƙishi ba ne, rashin jin ƙarar daka ne. A garinmu ba ka farkawa ba ka ji taɓarya a turmi ba. Can kuwa gari zai waye shiru kamar an yi mutuwa, sai kukan raƙuma. Sau da yawa nakan ba mutane baya in yi hawayena in share.

A garin Gat attajirin ya nuna mini halinsa. Wata safiya ya zo da wani mutum mai jan rawani, mutumin ya kama haɓata ya buɗe mini baki yana duba haƙora, ya matsa damtsena, ya yi nuni in yi tafiya ya gani. Ni da wautata na zaci wani ciwo yake son kwatanta mini, har na kai hannu zan buɗe nasa bakin. Sai da na ga sun koma gefe suna ƙus-ƙus suna nuna ni da baki, sannan na gane. Cinikina ake yi ina tsaye.

Allah ya taimake ni da wani tsohon baduku Bakano da ya daɗe a garin, yana zaune a rumfarsa yana kallonmu. Ya taso ya dubi tsagar fuskata, ya ce, "Samari, wannan ai hannun wanzaman Gaya ne. Ɗan wa kake?" Na gaya masa sunan gidanmu da garinmu. Bai san ubana ba, amma ya ja ni har gaban alƙalin garin ya tsaya mini, ya ce ni ɗa ne ba bawa ba. Attajirin ya yi dariya ya ce ai wasa yake yi. Da ayarinsa ya tashi bai neme ni ba, ni ma ban neme shi ba. Badukun nan ya shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, matarsa ta fito da busasshiyar kuɓewa da take ɓoyo ta yi mini miya, na ci ina sharar ido. Ya ba ni shawara in jira ayarin kudu in koma gida. Na leƙa zabirata, babu abin da ya ƙaru a ciki sai yashi. In koma Balan in ce musu me? Girman kai ya sa na bi ayarin arewa.

Gadamas gari ne da aka yi wa hanyoyinsa rufi, kana tafiya da rana tsaka kamar a cikin rumbu, mata kuma a kan soraye suke zirga-zirgarsu, ba ka ganin ko ɗaya. Ba wanda ya yarda baƙo ya ɗora masa aska a wuya. Na sha yunwa a garin nan har na fara tunanin sayar da ƙahonina. Wanda ya fara ba ni kansa wani makaho ne a ƙofar masallaci. Da na gama ya shafa, ya sake shafawa, ya shiga gaya wa duk mai wucewa bai taɓa ganin aski irin wannan ba. Mutane suka yi dariya, amma suka zo.

Daga nan na riƙa bin duk ayarin da ya yarda ya ɗauke ni. Na ratsa Tugurt, inda zazzaɓi ya kayar da ni, wata baiwar Allah da ban san sunanta ba ta riƙa ajiye mini nonon akuya a gefen kai har na miƙe. A ƙarshe na faɗa wani gari mai yawan dabino da ruwa mai gudu a ƙananan magudanai, ana ce masa Biskara. Faransawa ke mulkin wurin. Kafin nan ban taɓa ganin Nasara ba, a ƙasarmu labarinsu kawai ake ji. Jar fatar ba ta ba ni mamaki ba kamar maganar. Ina jin soja ɗaya ya buɗe baki na ce a raina, Allah sarki, wannan ba a cire masa beli ba. Na ji na biyu, haka. Na uku ma haka. Na ce ashe duk ƙasarsu babu wanzami ko guda, kowa daga maƙogwaro yake kakaro magana. Na yi ta murna na samu aiki, ashe su ba su san suna da ciwo ba.

A gefen garin akwai unguwar baƙar fata, yawancinsu bayi ne da suka gudo ko aka 'yanta, da Barebari da Hausawa da waɗanda sun ma manta garinsu. Limaminsu Malam Isiyaku, wani tsoho Bazazzagi da hanyar Makka ta yar a nan, ba haƙori ko ɗaya a gaban bakinsa. A zaurensa na sauka, shi ya nuna mini bakin kasuwa inda zan kafa kujera.

Sojoji suka fara zuwa, don hannuna ba nauyi. Wata rana wani dogo ya zauna, gashin bakinsa ya yi tsawo har ya murɗe kamar ƙahon rago. Na ji tausayinsa, na ce wannan ta ina yake shan ruwa? Na sa almakashi na rage masa tsaf yadda ake yi wa mutumin kirki. Da ya shafa ya ji wayam, sai ya yi wata irin ƙara ya rarumo kujerar. Ashe shekara da shekaru yake kiwonsa. Na ari na kare, yana biye da ni, na faɗa ƙofar farko da na gani a buɗe. Gidan wanki ne. Wata gajeriyar tsohuwa Bafaranshiya ta tare shi da sandar da take dukan kaya, ta wanke shi tas da harshensu, dogon nan ya fita sumui-sumui. Sannan ta juyo kaina ni ma ta ba ni rabona. Ina tsugune ina shan faɗa, sai na ji wata daga bayan shanya ta ce da Hausa, "Sannu da gudu." Kakarku Kande ke nan.

An sace ta tana yarinya daga wani ƙauye wajen Katagum, ta yi bauta a Tugurt, ta gudo, ta samu aikin wanki a wajen tsohuwar nan. Hausarta ta yara ce, wadda ta fito da ita daga gida, amma al'adun gida ta riƙe su gam fiye da matan da ba su taɓa fita ba. Ina jin su kaɗai aka bar mata. Ita kuwa tsohuwar, kayan sojoji take wankewa. Mijinta soja ne, zazzaɓi ya kashe shi, 'ya'yanta biyu ma a garin aka binne su, ta ƙi komawa ƙasarsu. Hannuwanta jawur saboda ruwan zafi, ga faɗa kamar kaza mai 'ya'ya. Larabcin kasuwa take yi, mu ma shi muke yi, da shi da nuni muke fahimtar juna. Sojoji Madam suke ce mata, mu kuma Iya. Da Malam Isiyaku ya ɗaura mana aure, ta ba mu ɗakin da take ajiye itace a bayan gida, ta ce kada mu ɗauka kirki ne, don kada Kande ta riƙa makara ne. Haka take, ba ta iya alheri ba sai da harara.

Haihuwar fari ta zo wa Kande da gardama. Tun hantsi take naƙuda har la'asar ta gota. Tsofaffin unguwa suka ba ta rubutu, suka yi turare, suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna kauce wa idona. Ni da nake taƙamar na san jikin mutum, ina zaune gindin dabino ba abin da na iya. Sai ga Iya ta bar wanki, ta naɗe hannun riga, ta kori kowa, ta sa aka kai mata ruwan zafi da sabulu. Ashe uwarta ungozoma ce a ƙauyensu. 'Yar a gicciye take, ta sa hannu ta juya ta. Kafin rana ta faɗi na ji kukan jaririya.

Da aka bar ni na leƙa, Kande ko ɗaga kai ba ta iyawa. Ta ce mini a hankali, "Maigida, na yi wa Allah alkawari. Takwarar Iya ce."

Na ce, "To, sai mu ji sunan tukuna."

Mun fi shekara a gidan matar nan ba mu san sunanta ba. A wajenmu wa zai dubi babba ya tambaye shi sunansa?

Washegari na sami Iya tana shanya. Na yi mata bayani da guntun Larabcina, na ce ba mu da abin da za mu saka mata da shi, amma a garinmu in mutum ya yi maka abin da ya fi ƙarfin godiya, sai ka sa wa ɗanka sunansa. Ta tsaya da jiƙaƙƙen wando a hannu. Sannan ta faɗi sunan. Na roƙe ta ta sake, ta sake. Ursul. Haka dai zan iya kwatanta muku shi, amma ba haka yake fita daga bakinta ba.

Na kai wa Malam Isiyaku maganar. Ya ce, "Wanzam, sunan Nasara a kan rago?"

Na ce, "Malam, alkawari aka yi wa Allah. Kuma ba don ita ba, da gawa biyu ka yi wa salla."

Ya ja carbinsa. Ya ce in tambayo ko sunan gunki ne. Na tambayo, ta ce sunan kakarta ne, wata mai kiwon awaki da ba ta taɓa cutar kowa ba. Malam ya ce, "To, ba laifi. Amma ni ba zan yanka dabba a kan sunan da bakina bai iya ba, kada in sa wa yarinya wani abu daban. Kai za ka faɗa a gaban jama'a, ni in yi addu'a. In ka karkata shi, da karkataccen za ta zauna har ƙarshen ranta."

Sauran kwanakin kafin suna a makaranta na yi su, a bakin tukunyar wanki. Ga yadda abin yake, ku buɗe kunne don ba zan maimaita ba. Gaɓa biyu ne. A ta farko sai ka tsuke leɓɓa ka turo su gaba kamar za ka hura wuta, amma a ciki harshenka ya zauna kamar za ka ce "i". Abin da zai fito ba "u" ba ne, ba "i" ba ne, wani abu ne a tsakani da Allah bai sa a bakin Bahaushe ba. Kana cikin haka sai ka kawo "r", amma ba da kan harshe irin tamu ba, daga can ƙasan maƙoshi, a hankali, kamar mai kurkure wuya da ruwan kanwa. A gaɓa ta biyu ka sake tsuke bakin, ka rufe da "l", ka tsaya cak. Tsayawar nan ce ta fi ba ni wuya. Bakina ya ƙi, kullum sai ya ɗora wani abu a ƙarshe, in ce Ursulu, kamar mai kiran akuya.

Duk sanda na yi haka sai ta buga sanda a kan dutse, ta kama leɓɓana da yatsunta masu warin sabulu ta jawo su gaba. Ni da na saba kama kan manya in juya yadda na ga dama, ga ni a tsugune wata tsohuwa na murɗa mini baki, matan unguwa suna leƙe ta katanga suna ƙyalƙyala dariya. Malam ya zo kallo, shi ma ya gwada. Ta maƙogwaron ya iya, ya ce ai akwai irinta a Larabci, amma da ya tsuke baki sai iska ta fice ta gurbin haƙora, fiii. Iya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ran nan na fara ganin haƙoranta.

A cikin kwanakin ne muka yi faɗan beli. Na fito da kayan aiki zan cire wa jaririya kamar yadda ake yi wa kowane ɗa, Iya ta gani ta tare ƙofa da sandarta. Na yi bayani har na gaji, ta ƙi. Ta ce wadda ta juyo da hannunta ba mai sa mata ƙarfe a baki, kuma in an yanke, da me za ta faɗi sunanta? Kande daga ciki ta ce, "Maigida, bar mata." Na mayar da kaya zabira ina huci. Har yau uwarku da belinta take yawo, 'yar wanzami guda, kuma ban ga abin da ya same ta ba. Kada ku faɗa a waje. Iya ce kuma ta riƙa dafa wa Kande ruwan wankan jego a babbar tukunyarta, tana mita wai so muke mu dafa mata ma'aikaciya.

Ranar suna, wani makiyayi Balarabe da na taɓa yi wa ƙaho ya kawo ɗan rago, mutanen unguwa suka kawo dabino a madadin goro. Iya ta sa baƙar rigarta ta zuwa ɗakin ibadarsu, ta tsaya daga bakin ƙofa. Malam ya danne rago ya dube ni. Na tsuke baki na faɗa, na tsaya inda aka ce in tsaya. Na dubi Iya. Ta gyaɗa kai, ta juya ta shige ɗaki da sauri. Aka shafa fatiha, na yi wa yarinya aski, na ce alhamdulillahi, na ɗauka na sauke nauyi ke nan.

Tun daga yammacin ranar yarinya ta koma Uwani. Ku kun san dalili. Ɗan fari iyaye ba sa kama sunansa. Ga shi kuma takwarar wadda muke ce wa Iya ce, wa zai buɗe baki a tsakar gida ya kira sunan uwarsa, ya ce zo nan, ko bar wannan? Kunya biyu ta haɗu a kan yarinya ɗaya. Mutanen unguwa ma suka bi sahunmu, wasu don ladabi, wasu don sun huta da murɗa baki. Mu a ganinmu mun ɗaukaka sunan, mun ajiye shi inda ba za a taka shi ba.

Da farko Iya ba ta nuna damuwa ba. Tana ɗaukar yarinya tana yi mata waƙoƙin ƙasarsu, tana ce mata wani abu da harshensu mai nufin 'yar ƙarama. Wata ya bi wata, Uwani ta fara zama, ta fara rarrafe. Sai na lura tsohuwar ta rage zuwa ɗaukarta. Gurasar da take ba mu da safe ba ta fasa ba, amma a kan dutse take ajiyewa ta wuce. Faɗan ma ta daina, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na tambayi Kande ko sun saɓa, ta ce ita ma abin yana damunta.

Wata rana da hantsi na sami Iya ita kaɗai tana dukan wanki. Na tsuguna na gaishe ta, na ce, "Iya, in mun yi laifi a gaya mana."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Garba, me ya sa ka wahalar da ni kwana da kwanaki?"

Na ce, "Wace wahala, Iya?"

"Na koya maka, ka iya, ka faɗa sau ɗaya, kuka ci nama. Daga nan kuka ɓoye shi kamar kayan sata. In kunyarsa kuke ji don na Nasara ne, da kun bar mini abina."

Na rantse mata ba haka ba ne. Na ce a garinmu wanda ka fi girmamawa shi ne ba ka kama sunansa. Na ce ni ban taɓa faɗin sunan uwata ba, Kande ba ta taɓa faɗin nawa ba. Na ce Uwanin nan ma uwata yake nufi, duk sanda muka kira yarinya ita muke girmamawa.

Ta ajiye sanda. Ta ce ta ji, ta kuma yarda ba ƙarya nake yi ba. "Amma mu a wajenmu, wanda kake so sunansa kake kira har ya gaji. Tun da aka binne mijina ba wanda ya kira ni da shi. Sojoji Madam, ku Iya. Ran da ka zo mini da maganar nan na ce to, ko ba da ni ake ba, zan riƙa ji ana kiransa a gidan nan, ana cewa zo ki ci, sauko, kada ki taɓa. Ni in na kira da kaina, kamar mai magana ita kaɗai nake." Ta ɗauki sandarta ta ci gaba da duka. "Ba komai. Ku yi yadda kuka saba."

Na tashi, tausayinta ya cika ni. Ashe tufa muka ba matar nan, muka kuma hana ta sawa.

Na je wa Malam da zancen, ina fata ya ce haramun ne in huta. Ya ce, "Wanzam, ni ban gani a littafi an hana uba kiran 'yarsa ba. Wannan kunyarmu ce ta gida, kuma abu ne mai kyau. Yadda za ku yi da ita a gidan wani kuwa, ku kuka sani." Na dawo na gaya wa Kande duka. Na ce ni zan riƙa kira, tunda a baƙon wuri muke, ba mai kai labari Gaya. Faɗar ce mai sauƙi. Na fito tsakar gida, ga yarinya na wasa da ƙasa, na tsuke baki, sai na ji kamar ubana na tsaye a bayana. Na mayar da shi tari. Na gwada washegari, haka. Duk Kande tana kallona.

Ban ma yi tunanin in ce ta gwada ba. Matar da ko ɗaukar 'yar ba ta yi in akwai baƙo, wadda in an tambaye ta lafiyar Uwani sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Ta taɓa gaya mini fuskar uwarta ta ɓace mata, amma tana tune da cewa ba ta taɓa jin ta kira yayanta, ɗan farin gidansu, da suna ba. In ta saki wannan, me ya rage mata na gida?

Ran wata Juma'a da safe ina zaune bakin ɗaki ina wasa aska. Iya tana can ƙarshen gida ta ba mu baya, tana matse zannuwa. Uwani ta rarrafa ta nufi magudana, ba wani haɗari, ruwan bai kai idon sawu ba. Kande ta fito da ƙwarya a hannu, ta tsaya. Ta dubi 'yar, ta dubi bayan tsohuwar. Sai na ga ta ajiye ƙwaryar, ta ja gefen mayafi ta rufe fuskarta ruf. Ashe duk kwanakin da nake makaranta tana kwance a ɗaki tana ji.

Muryarta na rawa, amma ta kai har ƙarshen gida. Ta kira sunan, ta ce, "Zo nan."

Yarinya ko waiwaye ba ta yi ba, ina ta san shi? Ta ci gaba da wasanta da ruwa. Wadda ta amsa Iya ce. Tun kafin ta juyo ta amsa, da harshensu, da wata siririyar murya da ban san ta da ita ba, irin ta yarinyar da uwarta ta kira daga cikin gida. Sannan ta juyo, zane na ɗiga a hannunta, ta ga Kande a tsaye fuska a rufe. Ta daɗe tana kallonta. Ni dai na sunkuyar da kai na ci gaba da wasa askar da ta riga ta yi kaifi.

Iya ta zo ta ɗauki yarinya ta saɓa a kafaɗa, ta tsaya gaban Kande, ta ce ruwan wanki ya kusa hucewa, in ta gama ɓuya ta zo ta kama mata. Da azahar kuwa sai da ta yi mini faɗa a kan itacen da ban faskara ba, na ji daɗin faɗan nan har cikin raina.

Ba mu bar gidan ba sai bayan Allah ya ɗauki ranta, sannan muka biyo ayari muka dawo, lokacin uwarku ta isa aike. A duk tsawon zaman nan, kowace safiya Kande za ta ja mayafi ta rufe fuska ta kira sau ɗaya, ba ta taɓa yi da fuska a buɗe ba. Yarinya ta koyi amsawa daga baya, amma kullum tsohuwar ke riga ta. Wani lokaci kuma, in tana jin rigima, sai ta yi kamar kunnenta ya yi nauyi, ta ci gaba da wankinta, har sai an sake kira.